Ƙofa Ta Buɗe, Ina Sauran 'Yan'uwa?

Nazarinmu na wannan fitowa a kan wani abu ne da dukanmu muka gani da idanunmu, wato rufe majami'unmu da aka yi a shekarar 2020 saboda annobar korona, da kuma sake buɗe su. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya kawo tsohon zance, tun da cutar ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye shelar ta-ɓaci a kanta tun ran 5 ga Mayu, 2023? Amsarmu ita ce, ƙofofin gini sun buɗe da daɗewa, amma akwai 'yan'uwa da suka fita ta waɗannan ƙofofi a watan Maris na 2020 waɗanda har yau ba su sāke shigowa ba, a farish da yawa kuwa ba mu taɓa zama mun tambayi junanmu ko su wane ne ba. Muna roƙon mai karatu ya ajiye Littafi Mai Tsarki kusa da shi, ya sa alama a Littafin Ezra sura 2 da 3, gama a can ne za mu fi daɗewa.

Azumin da ba mu ƙarasa tare ba

Larabar Toka ta shekarar 2020 ta faɗo ran 26 ga Fabrairu. Da yawa cikinmu muna tunawa da ita, domin Bishop-bishop na Nijeriya sun umarce mu mu sa baƙaƙen tufafi a ranar, mu yi makoki saboda waɗanda 'yan bindiga da masu satar mutane suka kashe. Cikinsu har da Michael Nnadi, ɗan makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd a Kaduna, wanda aka sace a watan Janairu, aka kashe shi yana ɗan shekara 18. Muka karɓi toka a goshi, muka koma gida, ba wanda ya san cewa washegari za a tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas. Kafin ƙarshen Maris Jihar Kaduna ta kafa dokar kulle. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta kulle Legas da Ogun da Abuja, Kano ta bi a tsakiyar Afrilu. Azumin da muka soma tare cikin majami'a, kowa a ɗakinsa ya ƙarasa shi.

Ran 27 ga Maris waɗanda suke da talabijin ko wayar hannu sun ga marigayi Paparoma Faransis yana tafiya a dandalin Bitrus Mai Tsarki a Roma, da almuru, ana yayyafi, dandalin nan da ya saba cika maƙil babu kowa. Ya yi wa'azi a kan hadarin da ya taso wa almajirai cikin jirgi, kamar yadda yake a ƙarshen sura 4 ta Bisharar Markus, sa'an nan ya sa wa duniya albarka da Yukarist Mai Tsarki. Ista ta zo ran 12 ga Afrilu. A wurare da yawa Fada ya kunna kyandir na Ista daga shi sai katikis da mai karatu ɗaya. Waɗanda suka daɗe suna koyon katekism domin a yi musu baftisma a daren Ista aka ce su dakata. Aka ɗaga aure. Aka binne mamata da gaggawa, da mutane kaɗan, ba tare da Sadaka Mai Tsarki ba.

Sa'ad da aka soma buɗewa, jihohi ba su bi hanya ɗaya ba. Gwamnatin Tarayya ta sassauta hanin taron sujada daga farkon Yuni, ta bar wa kowace jiha ta tsara nata. Kaduna ta buɗe cikin Yuni bayan kulle na fiye da wata biyu, Legas kuwa sai Agusta. Mun tuna yadda ranar ta kasance: bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, takunkumi a fuska, an sa alama a kan benci inda za a zauna da inda za a tsallake, kwanon ruwa mai tsarki a bushe, ba a miƙa hannu a gaisuwar salama, Jikin Kristi kuwa a tafin hannu ake karɓa. Aka ƙara yawan Sadakar Lahadi, aka gajarta wa'azi. Aka kuma yi wata sanarwa wadda muke so mai karatu ya riƙe, domin za mu komo kanta: aka ce tsofaffi da marasa lafiya da ƙananan yara su ci gaba da zama a gida tukuna.

Mun yi laifi ne da muka rufe?

Wannan tambaya ta dami masu bi na kirki, ba za mu wuce ta ba. Waɗansu sun tuna mana da shahidai na Abitina, wani gari a ƙasar da yanzu ake kira Tunisiya. A shekarar 304, sa'ad da Sarki Diyokletiyan ya hana Kirista taruwa, aka kama mutum 49 suna Sadakar Lahadi tare da firist ɗinsu Saturninus, aka kai su Kartaj, suka mutu saboda wannan. Da aka tambayi mai karatu Emeritus dalilin da ya sa ya bar su suka taru a gidansa, sai ya amsa cewa 'yan'uwansa ne, ba shi da ikon hana su, kuma Kirista ba su iya rayuwa ba tare da jibin ranar Ubangiji ba. To, in ji masu tambaya, su sun ba da ransu, mu kuwa muka sa kwaɗo a ƙofa?

Al'amuran biyu ba ɗaya ba ne. Diyokletiyan ya hana taron ne domin ya kashe bangaskiya, wanda ya taru kuwa ransa kaɗai ya sa a hatsari. A lokacin annoba wanda ya taru yana iya ɗaukar mutuwa ya kai wa tsohuwar da take kusa da shi a benci, doka ta biyar kuma tana nan daram. Katekism na Ikilisiyar Katolika a lamba 2181 ya nuna cewa babban dalili irin rashin lafiya yana sauke wa mutum nauyin zuwa Sadakar Lahadi. Dokar Ikilisiya kuma, a lamba 1248, ta riga ta yi tanadi cewa idan zuwa Sadaka bai yiwu ba saboda rashin firist ko wani babban dalili, sai masu bi su taru a kan Maganar Allah, ko su keɓe lokacin addu'a, mutum shi kaɗai ko da iyalinsa ko gidaje kaɗan tare. Ba yau aka fara ba. A annobar Milan ta 1576, da aka tsare mutane a gidajensu, Cales Borromeo Mai Tsarki, babban Bishop na birnin, ya sa aka kafa bagadai a mararrabar hanyoyi domin jama'a su bi Sadaka ta tagoginsu, shi kansa kuma bai daina shiga wurin masu ciwo ba.

Duk da haka ba mu ce kowane gunaguni na wancan lokaci banza ne ba. Wanda ya ga ana cinkoso a kasuwa ranar da aka ba da dama a sayi abinci, alhali majami'a mai fāɗi tana kulle, yana da dalilin jin ciwo. Amma wannan gardama ta wuce. Abin da ya rage mana daga Emeritus shi ne amsarsa ta farko: da aka tambaye shi dalilin taron, 'yan'uwansa ya fara ambata.

Masu komowa daga Babila

Yanzu bari mu buɗe Ezra. Mutanen Yahuda sun yi wajen shekara 50 a Babila bayan da Nebukadnezzar ya rushe Haikali a shekarar 587 kafin haihuwar Kristi. A 538 Sairus Sarkin Farisa ya ba su izini su koma su sāke gina shi. Kullenmu na 'yan watanni bai kai a gwada shi da wannan zaman bauta ba, amma labarin komowarsu yana da abin koya wa duk jama'ar da aka raba da bagadinta.

Abu na farko shi ne sura 2, wadda yawancinmu muke tsallakewa domin sunaye ne kawai da lissafi: zuriyar wane kaza, mutanen gari kaza kaza, firistoci, Lawiyawa, mawaƙa, masu tsaron ƙofa, har dawakai da jakuna. Jimillar jama'a ta kai 42,360. Wace riba mai karatu yake samu a nan? Ribar ita ce, kafin a ɗora dutse ɗaya a kan wani, sai da jama'ar Allah suka san wanda ya komo, gida gida, gari gari. Mu da muka komo a 2020 mun ƙidaya mutane a bakin ƙofa, gaskiya ne, amma domin kada su wuce adadin da hukuma ta yarda ne muka ƙidaya su. Ƙidayar da za ta nuna mana wanda babu shi, ba mu yi ta ba.

A sura 3, da wata na bakwai ya kama, jama'a suka taru a Urushalima, Yeshuwa firist da Zarubabel suka gina bagadi a tsohon wurinsa, suka soma miƙa hadaya safe da yamma, ko da yake suna jin tsoron mazaunan ƙasar, ko harsashin Haikali kuma ba a kafa ba tukuna. Ba su jira tsoro ya gushe ba, ba su kuma jira gini ya kammala ba. Wannan ya dace da mu, gama da tsoro muka komo, muna duban duk mai tari da gefen ido, amma muka komo.

Sai wurin da ya fi taɓa zuciya, wato ayoyi na ƙarshe na surar. A shekara ta biyu aka kafa harsashin, firistoci suka busa ƙaho, jama'a suka ɗaga murya da murna. Amma tsofaffin firistoci da shugabannin gidaje, waɗanda suka ga Haikali na fari da idanunsu, suka fashe da kuka mai ƙarfi. Marubucin ya ce muryoyin biyu suka gauraye har mai ji daga nesa ba ya iya rarrabe sowar murna da kukan baƙin ciki. Ku lura, ba a kori masu kuka ba, ba a kuma ce wa masu murna su yi shiru ba. A Lahadin farko ta komowarmu akwai wanda ya shigo yana rawa, akwai kuma gwauruwar da ta zauna a bencin da ta saba zama da mijinta, wanda aka binne cikin Afrilu babu kwaya, babu Zumunta, babu Sadaka. Mun kaɗa ganga domin na farkon. Ita kuwa, a wurare da yawa, ba a ko ambaci sunan mijinta daga bagadi ba. Wannan bashi ne, yana kuma kanmu har yanzu.

Labarin bai ƙare da kafa harsashi ba. Maƙiya suka tashi, gwiwa ta yi sanyi, aikin ya tsaya shekara da shekaru. A shekarar 520 sai Annabi Haggai ya tashi ya tsauta wa jama'a, domin suna cewa lokacin ginin bai yi ba tukuna alhali kowa ya gyara nasa gida ya ƙawata shi. Ba gaba suke yi da Allah ba. Sabo ne kawai ya shiga: sun saba da ganin kango, har ya daina damunsu. Sai a 515 aka gama Haikalin. Wannan sabo shi ne abin da ya fi ba mu tsoro game da kanmu. Bencin da ya yi wata shida babu mai shi yakan daina zama abin tambaya, wani ya zauna a kai, a manta.

Sadakar da ake kallo

A watannin kulle rediyo da talabijin da waya sun yi mana babban amfani, muna kuma gode wa firistoci da matasan da suka sha wahalar aika Sadaka ta Facebook da ƙaramar waya da batirin da yake mutuwa a tsakiyar wa'azi. Ga mai ciwo da yake kwance, ga tsohon da ƙafa ta ƙi, ga wanda hanyar garinsu ba ta biyuwa, wannan alheri ne har gobe. Amma ga mai lafiya da majami'a take bayan gidansa, magana dabam ce. Paparoma Faransis da kansa, wanda aka yi ta watsa Sadakarsa ta kowace safiya daga gidan Santa Marta, ya dakatar da watsawar bayan 18 ga Mayu, 2020, ranar da aka sāke ba jama'a damar zuwa Sadaka a Italiya. A watan Agusta na shekarar Kadinal Robert Sarah, ɗan ƙasar Gini, wanda a lokacin yake shugabantar ofishin kula da sujada a Vatikan, ya rubuta wa Bishop-bishop na duniya da yardar Paparoma, yana cewa watsa Sadaka ba ya maye gurbin halartarta, a komo da murna.

Dalilin yana cikin bangaskiyarmu. Kalman Allah ya zama jiki, ya ba mu kansa cikin abin da ake ci, ake sha. Ruwan baftisma sai ya taɓa kai, mai sai ya taɓa goshi, zunubi kuma sai an furta shi a gaban firist, ba a yafe shi ta waya. Wanda ya leƙa ta taga ya ga ana cin tuwo a gidan biki ya san an yi biki, amma da yunwarsa zai kwana. Bulus Manzo a 1 Korintiyawa sura 10 ya koya mana cewa da yake gurasar ɗaya ce, mu masu cinta, duk yawanmu, jiki ɗaya ne. A sura 11 kuwa ya tsauta wa Ikilisiyar Korinti ƙwarai, domin masu hali sukan riga su ci nasu su ƙoshi, matalauci ya iso ya tarar da wayam. Hukuncinsa shi ne, abin da suke ci ya daina zama jibin Ubangiji, umarnin da ya rufe da shi kuwa shi ne su riƙa jiran juna. Saboda haka wanda ya zauna a gida yana kallo ba kansa kaɗai ya rage wa ba, ya rage wa jikin wata gaɓa. Mu kuma da muka zo, idan muka ci muka tashi ba mu lura da wanda babu shi ba, tsautawar Bulus ba ta tsallake mu ba.

Abin da ƙauye ya riga ya sani

Mu mazaunan birni mun yi ta kuka cewa mun yi wata biyu ko uku ba mu karɓi Jikin Kristi ba. 'Yan'uwanmu na majami'un ƙauye, da suka ji, wataƙila sun yi murmushi. A farish mai majami'u goma sha biyar da Fada ɗaya, ganin firist sau ɗaya a wata biyu, musamman da damina sa'ad da rafi ya cika, shi ne zaman yau da kullum. Wa yake riƙe da su? Katikis, da shugabannin majami'a, da matan Zumunta. Su suke buga ƙararrawa, su karanta Bishara, su koya wa yara addu'a, su zauna da mai baƙin ciki, su binne mamaci. A lokacin kulle, da baiko ya tsaya, waɗannan katikis ɗin ne suka fara rasa ɗan abin da ake ba su, da yawa kuwa ba su daina zaga gidaje ba. Ya kamata majalisar kowane farish ta tambayi kanta ko ta taɓa biyan wannan bashi, ko da da godiya ce a gaban jama'a.

Kulle ya kuma tona mana wani abu a gidajenmu. Majalisar Vatikan ta Biyu ta kira iyali Ikilisiyar cikin gida. Taron Bishop-bishop na Afirka na 1994, da wasiƙar da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa wa hannu a Yawunde ran 14 ga Satumba, 1995, sun ba mu sunan Ikilisiya Iyalin Allah, sun kuma ƙarfafa ƙananan tarukan masu bi na unguwa, inda kowa ya san kowa. Inda aka ɗauki wannan koyarwa da gaske, ranar Lahadi ta kulle maigida ya shimfiɗa tabarma, ya kunna kyandir, ɗa ya karanta Bishara, uwa ta ja Rosari, maƙwabta biyu suka san wanda ba shi da hatsi. Inda ba a ɗauka ba, maigida ya tarar bai san yadda ake buɗe addu'a a gaban 'ya'yansa ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Abin takaici shi ne, waɗansu gidajen da suka koyi addu'a tare a watannin nan sun ajiye ta ranar da aka buɗe majami'a, sai ka ce aro suka yi.

Tarihin Ikilisiya a Japan yana nuna iyakar ƙarfin wannan Ikilisiyar cikin gida. An haramta bangaskiya a can a 1614, aka kori firistoci ko aka kashe su. Masu bi suka ɓuya, a cikinsu akwai mai yin baftisma, akwai mai riƙe lissafin ranakun idi, suka miƙa addu'o'i daga kaka zuwa jika fiye da shekara 200. Ran 17 ga Maris, 1865, waɗansu daga ƙauyen Urakami suka shiga sabuwar majami'ar Oura a Nagasaki, suka bayyana kansu ga Fada Bernard Petitjean, suka tambaye shi ina siffar Maryamu. Wannan abin al'ajabi ne. Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba: da firistoci suka komo, waɗansu daga cikin ɓoyayyun Kiristan ba su sāke haɗuwa da Ikilisiya ba, gama sun saba da zamansu dabam.

Kada kuma mu yi magana kamar dukan ƙofofi a buɗe suke. Bayan korona akwai majami'un da harin 'yan bindiga ya rufe. Ta Faransis Zabiya Mai Tsarki a Owo, inda aka kashe kimanin mutum 40 ran Fentikos, 5 ga Yuni, 2022, sai a Istar 2023 aka sāke yin Sadaka a cikinta. A ƙauyuka da dama na Arewa jama'a sun watse, sun zo birni suna raɓe a gidajen dangi. Waɗansunsu suna tsaye a bayan majami'armu kowace Lahadi, babu sunansu a littafin kowace ƙungiya.

Su wane ne ba su komo ba?

Mu komo ga sanarwar nan da muka ce a riƙe. Da bakinmu muka ce wa tsofaffi su zauna a gida, sun kuwa yi biyayya. Amma a farish nawa ne aka sāke tsayawa aka yi sanarwa ta biyu, aka aika mutum har ɗaki ya ce, Baba, Mama, yanzu ku komo? Tsohon da ya yi shekara bai taka zuwa majami'a ba, ƙafarsa ba za ta koma yadda take ba, jikan da yake kawo shi a babur ma ya tafi neman kuɗi. Yana nan a ɗakinsa, ba ya fushi da kowa, yana jira ne kawai. Haka yaran da ajin katekism ya watse a hannunsu. Wanda yake da shekara 10 a lokacin yanzu saurayi ne, kunya ba za ta bar shi ya zauna cikin ƙananan yara ya koyi abin da ya wuce shi ba, sai a buɗe masa aji nasa.

Akwai waɗanda aurensu aka ɗaga, suka tare bisa al'ada da niyyar a ɗaura a majami'a daga baya. 'Ya'ya suka zo, kuɗin biki bai samu ba, suka janye daga bagadi, daga baya suka janye daga ƙofar ma. Su sani sakrament na aure ba ya bukatar shanu ko anko ko ɗakin taro, firist da shaidu biyu sun isa. Akwai waɗanda kulle ya karya musu jari, bashin kuɗin ƙungiya da na gini da na godiyar kaka ya taru a kansu, suna tsoron a karanta sunansu. A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya: idan takardar farko da ɗan'uwa ya gani daga farish bayan ya ɓace ta neman kuɗi ce, mun koya masa abin da muke nema a wurinsa. Akwai kuma waɗanda a kwanakin yunwa wata majami'a ta ƙwanƙwasa musu ƙofa da mudun shinkafa, tamu ba ta zo ba, suka bi wadda ta zo. Kafin mu kira su masu ridda, mu tuna zumunta a ƙafa take.

A Bisharar Yohanna sura 20, ranar da Ubangiji ya bayyana ga almajirai cikin ɗaki mai kulle, Toma ba ya nan. Ba a faɗa mana dalili ba. Abin da aka faɗa shi ne sauran suka ba shi labari, ya ƙi gaskatawa, ya kafa sharuɗɗa masu tsauri, amma bayan kwana takwas yana tare da su, a cikin taron ne kuma ya ga raunukan ya ba da gaskiya. Mako guda ke nan suna zaune da mutumin da yake ƙaryata shaidarsu, ba su sallame shi ba. A Nehemiya sura 8 kuma, ranar da Ezra ya karanta Shari'a a dandalin Ƙofar Ruwa tun da safe har tsakar rana, jama'a suna kuka, aka ce musu su je su ci su sha, su kuma aika da rabo ga waɗanda ba su da abin da suka tanada.

Ga abin da muke roƙon kowane farish da kowace majami'ar ƙauye ta yi kafin taron majalisarta na gaba. A ɗauko littattafan suna na 2019, na Zumuntar Mata, na maza, na matasa, na kwaya, na ajin katekism, a zauna a karanta su da murya, suna bayan suna, kamar Ezra sura 2. Wanda ya rasu a rubuta, wanda ya ƙaura a rubuta inda ya koma, wanda yake gari amma ba a ganinsa a ba mutum biyu da suka san shi sunansa. Masu zuwa su tafi da gaisuwa, kada su ɗauki littafin bashi, kada kuma su soma da tambayar me ya hana ka zuwa. Su tambayi lafiyar gida, su saurara, in an faɗi laifinmu su karɓa, su kawo wa Fada labarin wanda yake bukatar a kai masa Jikin Kristi, da wanda yake son furta zunubi, da auren da za a gyara. Mai babur ko mota ya ɗauki nauyin tsoho ɗaya na unguwarsu kowace Lahadi. Wanda kuma ya san gidan da aka binne wani a watannin kulle ba tare da Sadaka ba, ya kai sunan mamacin ga katikis, domin a sa rana cikin watan Nuwamba a miƙa Sadaka Mai Tsarki saboda su, a karanta sunayensu daga bagadi, a kuma aika wa iyalansu tun da wuri su zo su zauna a gaba.